Shin haƙurin da mutum ke koya a bakin titi haƙuri ne na gaskiya?

Mai Shagon Unguwar Sarki:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga iyayenmu da yayyenmu, musamman waɗanda neman abincinsu ya haɗa su da titi. Shin mutum yana iya koyon haƙuri da rashin saurin fushi ta hanyar lura da yadda masu abin hawa ke mu'amala da juna, ko kuwa abin da nake gani kamar haƙuri a tare da ni sabo ne kawai da gajiya?

Abin da ya kawo tambayar shi ne, shagona yana bakin titin Ali Akilu a cikin garin Kaduna, inda motocin da suka taso daga Kawo zuwa cikin gari da waɗanda suka fito daga Kasuwa suka nufi Mando ko hanyar Zariya suke wucewa tun daga asuba har dare. Wanda yake zaune a gefen hanya yana ganin abin da na cikin mota ba ya gani. Sau da yawa direba zai karkato da motarsa ba zato ya shiga gaban wani, shi kuwa wanda aka shiga gabansa sai ya sauke gilashi ya fara zagi, har da tambayar nan da muka saba ji ta ko an san shi wane ne, alhali ni da nake gefe na ga cewa wanda ya karkato ɗin yarinya mai talla ya kauce wa, ko kuma ɗan Keke Napep ne ya taka birki a gabansa. Mutumin da ake zagi bai ma san da zaman mai zaginsa ba, balle ya yi niyyar wulaƙanta shi. Na kuma lura cewa abin da aka yi wa mutum bai cika ci masa fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba, amma idan ya fito don ya rama, sai rigimar ta cinye masa rabin sa'a, ta kuma tsayar da dogon layin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, wataƙila har da mai kai mara lafiya asibiti.

Da kallon nan ya yi yawa, sai na tarar raina ya daina saurin ɓaci ko a abin da bai shafi titi ba. Mai saye ya shigo ba sallama, ko ya taya kaya da gatsali, ko ɗan'uwa ya ga kirana bai ɗauka ba, sai in ji zuciyata tana cewa wataƙila shi ma akwai abin da ya kauce wa wanda ban gani ba. To amma wani aminina, mutum mai hankali wanda ba na raina maganarsa, ya ce mini wannan mutuwar zuciya ce, kuma wanda ba ya nuna ɓacin ransa kowa zai mayar da shi abin takawa. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Ina ne iyakar da ke tsakanin yi wa mutane uzuri da barin su su raina ka? Kuma abin da ya dace tsakanin baƙi biyu da suka gamu a shataletale, waɗanda ba za su sake ganin juna ba, zai dace tsakanin mutum da iyalinsa ko abokan sana'arsa, waɗanda suka san shi sarai kuma wani lokaci da gangan suke faɗa masa magana?

Tsohon Direba, Mando:

Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da kake gani daga gefen titi shi ne abin da mu direbobin manyan motoci muke gani daga sama, kuma na tsufa a kan sitiyari ina ganinsa. Wanda ke zaune a kan tirela yana hango motoci da yawa a gabansa, don haka yakan san dalilin tsayawar layi tun kafin na ƙasa ya sani, shi kuwa na ƙasa bayan motar da ke gabansa kaɗai yake gani, sai ya ɗora wa mai ita laifin duk abin da ya same shi.

Bari in ba ka misalin da ya fi yawan faruwa a titin Nnamdi Azikiwe, wanda muke kira baifas, tsakanin Mando da Bakin Ruwa. Tirelar da ta ɗauko siminti ko hatsi ba ta tsayawa a inda direba ya taka birki; nauyin kayan yana ci gaba da tura ta, tana bukatar tazara mai tsawo ƙwarai kafin ta tsaya cik. Direban kirki yakan bar wannan tazara a gabansa da gangan. Sai mai ƙaramar mota ya ga fili, ya faɗa ciki, nan take kuma ya rage gudu. Direban tirela ba shi da abin yi sai ya danna oda da ƙarfi, shi kuwa mai ƙaramar motar ya fito da hannu ya yi masa daƙuwa, yana ganin an razana shi ne don an fi shi girman mota, alhali odar nan da ya ɗauka cin mutunci ita ce ta hana a kai gawarsa gida.

Ita kanta oda a hanyoyinmu ba magana ɗaya take yi ba. Akwai ta gaisuwa, akwai ta neman fasinja, akwai ta godiya ga wanda ya ba ka hanya, akwai gajeruwa mai sanar da kai cewa wani yana bayanka, akwai kuma doguwa ta gargaɗi. Ta zagi tana nan, ban musa ba, amma ita ce mafi ƙaranci. Mutumin da kunnensa ke fassara kowace oda da zagi, kafin ya kai Kasuwa daga Kawo ya riga ya yi faɗa da mutane barkatai a cikin zuciyarsa, babu kuma ko ɗaya cikinsu da ya san an yi.

Ina yaron mota lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, ranar 2 ga Afrilu, 1972. Abin da ba na mantawa shi ne yadda kowa ya koma ɗan koyo a makonnin farko, har iyayen gidanmu da suka yi suna a tuƙi. Idan mutum ya rikice a shataletale ya ɗauki tsohon hannu, nuna masa hanya ake yi, ba a cika zaginsa ba, domin kowane direba ya san hannunsa ma bai gama sabawa ba. Kada ka zaci mutanen wancan lokaci sun fi na yanzu sanyin hali, akwai masu zafin kai a cikinsu sosai. Sanin da kowa ya yi cewa shi ma yana iya kuskurewa shi ne ya sauke murya, da hannu ya saba kuma sai muryar ta sake tashi.

Game da maganar amininka, akwai hanyar gwadawa. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya jin zafin komai, ko yaro aka buge a ƙofar shagonsa ba zai tashi daga kujera ba. Mai haƙuri yana jin zafin da kowa ke ji, sai dai yana ba hankalinsa lokaci ya iso kafin bakinsa ko hannunsa ya yanke hukunci. Idan har yanzu zalunci yana tayar maka da hankali, har yanzu kana iya tashi ka raba faɗa ko ka gaya wa mai laifi gaskiya, to zuciyarka tana nan da ranta. Abin da ka rabu da shi shi ne zaton cewa kowane motsin mutane kai aka nufa da shi, wannan kuwa ban gan shi a matsayin asara ba.

Ɗan Napep na Rigasa:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Yayana mai shago, ni ina cikin waɗanda ake zagi, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga cikin keke. Ina aiki tsakanin Bakin Ruwa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, kuma keken ba nawa ba ne. Kowace rana akwai balas da zan kai wa mai shi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ga tikitin yuniyon, ga mai, wanda bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma sake komawa inda ya fito ba. Sai an fitar da duk waɗannan sannan ake maganar cefanen gida. Idan ka ga ɗan keke ya tsaya ba zato, yawanci fasinja ne ya bari sai da aka zo daidai layinsu sannan ya ce a sauke shi. In ka tsaya na bayanka ya zage ka, in ka wuce fasinjan ya zage ka, ya kuma ƙi biyan kuɗi cikakke. Ban faɗi haka don in wanke mu ba, domin a cikinmu akwai masu ganganci da suke ɓata mana suna, kuma mun san su.

Zagin hanya ya daina yi mini ciwo ne lokacin da na gane cewa mai zagin bai san sunana ba, bai san mahaifina ba, keken yake zagi da duk wani ɗan keke da ya taɓa ɓata masa rai. Ko wane ne aka zaunar a kujerata, abin da zai ji ke nan.

Amma akwai wani abu da nake so a duba, domin ina ganinsa a tsakanin abokan aikina kullum. Mutum zai wuni yana shanye magana daga masu manyan motoci saboda ba shi da yadda zai yi, kowa ya ce ai wane mai haƙuri ne, alhali fushin bai tafi ko'ina ba, yana nan kwance kamar garwashi a cikin toka. Da ya shiga gida da dare, abinci ya ɗan makara ko yaro ya zubar da ruwa, sai a rasa gane kansa. Matar da ba ta yi masa komai ba ita ke biyan bashin mai jif ɗin da ya ci masa mutunci da rana. Ni dai ajiya nake kiran wannan, ban yarda haƙuri ba ne. Ina roƙon manya su gaya mana yadda mutum zai rabu da fushin nan kafin ya isa ƙofar gida.

Malamar Firamare, Unguwar Rimi:

Ina gaida Baba Direba da sauran 'yan'uwa. Na yarda da mafi yawan abin da aka faɗa, amma maganar aminin mai shago ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba, kuma ina tsoron kada mu yi ta yi wa haƙuri kirari har mu manta da waɗanda kullum su ake cewa su yi shi.

Haƙurinmu a titi yana duba fuska. A 1968 wasu masu bincike biyu, Anthony Doob da Alan Gross, sun yi wani gwaji a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda sukan tsayar da mota a danja su ƙi tashi bayan an ba su hannu, wani lokaci da sabuwar mota mai tsada, wani lokaci da tsohuwa, sannan su lura da na bayansu. Sun tarar an fi saurin danna wa tsohuwar mota oda, an kuma fi yawan danna mata. Mu a nan ba sai an je Amurka ba mun san haka. Jif mai baƙin gilashi zai tare hanya a titin Isa Kaita mai shi yana cinikin kankana, kowa ya ja bakinsa ya zagaye shi, amma ɗan keke ko mace mai tuƙi su ɗan yi jinkiri a danja, sai ka ji maganganun da ba za su maimaitu ba. Ni mai tuƙi ce, kullum da yara a bayan mota, kuma na sha jin "ai mace ce" daga bakin mutumin da shi ne ya biyo wanwe. Shirun da ake yi wa mai jif tsoro ne, in kuwa ana son sanin haƙurin mutum, sai a dubi yadda yake yi da wanda ba zai iya ramawa ba.

Sannan yi wa mutum uzuri a kan niyyarsa daban yake da amincewa da aikinsa. Na yarda wanda ya biyo wanwe, ko yake latsa waya yana tuƙi, ko ya keta danja, ko ya ba ƙaramin yaro makullin mota ranar biki, bai yi don ya wulaƙanta ni ba, amma rashin niyyarsa ba zai ɗora ƙafar da ya karya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ɗalibaina suna cikin wannan rukuni, kuma da yawansu sai sun tsallaka titi kafin su iso aji. Abin da ke damuna shi ne yadda, da zarar an buge wani, jama'a za su kewaye wanda aka cuta da "a yi haƙuri, tsautsayi ne", musamman in shi ne talakan, har ya ji kunyar neman kuɗin magani, mai laifin kuma ya tafi bai koyi komai ba, gobe ya sake. Hausawan da suka ce haƙuri maganin zaman duniya, su ne kuma suka ce haƙurin kaya sai jaki.

Don haka, Malam mai shago, ƙin ɗaukar abin a matsayin cin mutuncinka daidai ne, amma rashin jin haushi bai ɗauke maka nauyin yin magana ba. Hasali ma wanda bai fusata ba ya fi iya faɗar gaskiya a ji, domin mai laifi ba ya samun zagin da zai fake da shi ya juya maganar. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, jiha kuma tana da jami'anta masu kula da dokokin hanya, wato KASTLEA, don kada mutum ya zama shi ne mai ƙara shi ne alƙali a tsakiyar kwalta, kuma kai musu ƙara bai saɓa wa haƙuri ba.

Injiniya, Barnawa:

Malama ta kawo gyara mai muhimmanci. Abin da zan ƙara ya shafi gosulo, domin a nan ne muka fi neman mai laifi, kuma a nan ne sau da yawa babu shi.

A ƙasar Japan, wani masani mai suna Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani gwaji a 2008. Sun jera motoci 22 a kan hanya mai da'ira wadda tsawonta mita 230 ne, suka ce kowane direba ya riƙe gudun kilomita 30 a sa'a, babu danja, babu rami, babu mahaɗa, babu mai sauke fasinja. Da farko tafiya ta yi daidai, amma ba a jima ba sai cunkoso ya haɗu da kansa, har wasu motocin suka riƙa tsayawa cik. Dalilin shi ne babu ɗan'adam da zai iya riƙe gudu ɗaya daidai wa daida. Wani ya ɗan rage kaɗan, na bayansa ya taka birki fiye da shi, na bayan wancan ya fi shi, haka tsayawar ke tafiya da baya alhali motocin gaba suke yi. Shi ya sa za ka daɗe a layi kana tsine wa wanda ya jawo, ka fita daga ciki ka duba dama da hagu ba ka ga komai ba. Idan motoci suka wuce adadin da hanya za ta ɗauka, ko da duk direbobin salihai ne sai an tsaya, kuma abin da ke hannun direba shi ne tazarar da Baba ya ambata, maimakon manne wa motar gaba da tsalle daga wannan layi zuwa wancan.

Mu da muke kudancin gari muna ganin wani ɓangaren na abin kowace safiya. Jama'ar Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha masu aiki a cikin gari dole su tsallaka kogin Kaduna, gadojin kuwa 'yan kaɗan ne, don haka hanyoyi da yawa suke zubewa a wuri ɗaya kafin a kai filin wasa na Ahmadu Bello. Wanda ya shigo gabanka a can hanyarsa ce ta ƙare a cikin taka, ba shi da wata da zai bi. Masu bin Kawo ma za su ba da shaida cewa tun da aka buɗe sabuwar gadar sama a Janairun 2022 hayaniyar wurin ta ragu, ba tare da an canja halin kowa ba. Masanin halayyar ɗan'adam Lee Ross ya yi rubutu a 1977 kan yadda muke jingina aikin wani ga halinsa mu manta da yanayin da yake ciki, iyayenmu kuwa sun riga shi da cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar nan ta fi nauyi a Kaduna. Duk wanda ya ga rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 ya san abin da fushin taron jama'a ke iya yi wa garin nan, ya kuma san yadda bayan haka unguwanni suka rabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa. Yau titi da kasuwa da wurin aiki su ne suka rage mana wuraren da muke cuɗanya da juna kullum. Motoci biyu na gogar juna, kafin ka ce kwabo mutane sun taru, taro kuwa ba ya tsayawa tambayar wa ya taka birki, suturar masu motar da harshensu yake dubawa. A irin wannan wuri, wanda ya fara sassauta murya ba kansa kaɗai ya taimaka ba. Ni Kirista ne, kuma a littafin Karin Magana, sura 15 aya 1, an koya mana cewa amsa mai taushi tana kwantar da hasala, magana mai zafi kuwa tana tayar da fushi. Na tabbata malamanmu na Musulunci suna da abin da ya yi daidai da haka.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:

Injiniya, muna da shi ƙwarai, har ma a kan cunkoson hanya kansa. Imam Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ranar Arfa, da jama'a suka taso tare da Manzon Allah (SAW), sai ya ji tsawa mai tsanani da dukan raƙuma a bayansa, sai ya yi musu nuni da bulalarsa ya umarce su da natsuwa, ya ce aikin alheri ba a gaggawar tafiya yake ba. Mutanen nan a cikin ibada suke, Muzdalifa suke sauri, amma duk da haka an hana su gaggawa, balle mu da muke saurin zuwa ofis ko buɗe shago.

Malam mai shago, akwai hadisin da ya shafi mai zama irin naka kai tsaye. Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya, da suka ce ba su da makawa sai sun zauna, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta, wato runtse ido, kamewa daga cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Bukhari da Muslim sun kawo shi daga Abu Sa'id al-Khudri. Ka ga an haɗa abin da Baba Direba ya faɗa da abin da Malama ta faɗa a wuri ɗaya, ba a kuma ce ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba. A cikin gida da wurin sana'a, gaskiya ne wani lokaci da gangan ake faɗa maka magana, don haka uzurin "bai san ni ba" ba ya aiki a can. Abin da za ka ɗauko daga titi shi ne jinkirta yanke hukunci a kan niyya. Baƙon da ya shiga gabanka ya wuce ba za ka iya tambayarsa ba, amma ɗan'uwan da bai ɗauki kiranka ba kana iya tambayarsa, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurati ta umarce mu da nisantar yawan zato domin sashensa zunubi ne. In ka tambaya ya tabbata da gayya ne, a nan haƙuri mai wuyar yake farawa, kuma bai hana ka gaya masa a fili cewa abin ya yi maka ciwo ba.

Kai kuma ƙanena mai keke, aya ta 134 a Suratu Ali Imrana ta yabi masu haɗiye fushi, nan take kuma ta biyo da masu yafe wa mutane. Wanda ya haɗiye bai yafe ba ya yi rabin aiki, shi ne ajiyar da ka ambata, kuma yawanci a kan mai rauni take ƙarewa. Yafiyar nan ba ta bukatar mai jif ya sani, tsakaninka da Ubangijinka ce, ka ce na bar shi, ka kuma nufi hakan har cikin ranka.

Tsohon Direba, Mando:

Ɗana mai keke, ga ɗan abin da zan ƙara a kan maganar Malam. In ka ajiye keke da dare kada ka miƙe gida kai tsaye. Ka tsaya a masallacin unguwa ka yi alwala, ka zauna har numfashinka ya daidaita, in akwai abokin da za ka ba labarin abin da aka yi maka ka ba shi a can, sannan ka shiga gida da sallama. Mu da muke dawowa daga Legas bayan kwanaki a hanya, haka muke yi a gareji kafin mu nufi iyali.

'Yata Malama, na karɓi gyaranki, domin abin da kika faɗa game da "a yi haƙuri" na sha ganinsa a tasha da kan hanya. Ga yadda iyayen gidanmu suka koya mana a yi idan an gogi juna. Maganar farko da za ta fito daga bakin mutum ita ce tambayar ko kowa lafiya, tun kafin ya kalli fenti, domin wanda aka fara tambayar lafiyarsa da wuya ya ɗaga murya. In ɓarnar ƙarama ce, a ɗauki hoton motocin a yadda suke tunda yanzu kowa da waya, sannan a janye su gefe a buɗe wa jama'a hanya, a kuma yi maganar tsakanin masu motar biyu nesa da taro, a kira mai gyaran jikin mota ya faɗi kuɗin aiki. Wanda aka cuta yana da damar ya karɓi haƙƙinsa cif ba tare da jin kunya ba, yana kuma da damar ya yafe, amma yafiyar ta fito daga bakinsa bayan mai laifi ya amsa laifinsa, kada 'yan kallo su yafe a madadinsa. Idan kuwa akwai wanda ya ji rauni, to maganar mota da ta wa ke da laifi duk a jingine su, a fara kai shi asibiti mafi kusa, wani kuma ya kira jami'an kiyaye haɗurra a lambarsu ta 122.